Yadda ake raba naman watanda daidai wa daida

Da azumi ya haura ashirin, a majalisun Gombe za ka fara jin tambaya ɗaya tana yawo: "Bana wa ke riƙe da watanda?" Ma'aikata na haɗa tasu a ofis, 'yan kasuwa na haɗa tasu a layi, mata kuma na tara tasu ta adashi tun watan Rajab. A haɗa kuɗi, a sayo sa, a yanka, a kasa, kowa ya kai wa iyalinsa naman sallah. Ya fi na kan teburin mahauci sauƙi, kuma ka ga dabbar da idonka tun tana tsaye da ƙafafunta. Na daɗe ina riƙe da littafin watandar layinmu a unguwar Jekadafari, na kuma ga cewa sayen sa da yanka shi duk masu sauƙi ne. Wuyar aikin tana kan tamfol, lokacin da nama ya zube, mutum ashirin sun kewaye shi, kowa na kallon hannun mai rabo.

Abin da ya sa na ɗauki aikin nan da gaske wata shekara ce da muka yi rabo da ido. Aka kasa tsibi ashirin, aka ce bismillah, kowa ya ɗauka. Waɗanda ke wurin suka ɗebi tsibin da ransu ya kwanta da shi, ba da mugun nufi ba, haka zuciya take. Wanda ya rage shi aka ƙulle wa wata Goggo da ke ƙarshen layi, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, ta yi wata biyar tana kawo kuɗinta kaɗan-kaɗan daga cinikin ƙosai. Ni na kai mata. Ta juye a roba a gabana: ƙashin gadon baya, guntun huhu, jijiyoyi, da tsokar da ba ta cika tafi biyu ba. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗana. Ka gaishe da su Malam." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Da faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar muka sake tsari, kuma tsarin nan ya tsaya ne a kan ƙafa biyu: kowane irin nama a raba shi shi kaɗai, sannan kada kowa ya san tsibinsa sai an gama kasawa gaba ɗaya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hidimar waɗannan biyun yake yi.

A gama magana kafin a karɓi ko kwabo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna tun da sauran mako uku ko huɗu, ku tsayar da yawan kaso. Kaso ake ƙirgawa, ba kawuna ba, domin wani zai ɗauki biyu, wani ɗaya, wani rabi. Idan sikeli za ku yi amfani da shi, kowane adadi ya yi. Idan kuwa da ido za ku raba, ku nemi takwas ko goma sha shida, zan faɗi dalili in mun zo wurin. Masu rabin kaso a haɗa su bibbiyu tun yanzu, a rubuta sunansu a layi ɗaya, kuma ya zamana sun san juna sun yarda da juna.

A zaman nan ne za a yanke hukuncin abubuwan da ke haddasa rigima: kai, ƙafafu, bindi, fata, harshe. Za a sayar ne, za a yi gwanjonsu a tsakaninku, ko za a daddatsa a zuba cikin rabo? Ladan mahauta kuɗi ne ko nama? Ni ina ba da shawarar kuɗi, a kuma yi cinikinsa tun kafin wuƙa ta taɓa wuya, domin "ɗan na mahauci" da ba a ƙayyade ba yakan cinye rabin kaso ba a ankara ba. A sa ranar rufe karɓar kuɗi, a tsaya a kanta. Wanda ya ce "ku sa ni, zan kawo ran yanka" a ba shi haƙuri da fara'a. Sau da yawa mai riƙe da littafi ne ke ƙarewa da biyan bashin da bai ci ba. A zaɓi mutum uku: ma'aji, mai littafi, da dattijo ɗaya da kowa ke jin nauyinsa wanda zai tsaya shaida. Kada mutum ɗaya ya haɗa biyu daga ciki.

Ranar yanka kuwa, a ƙaramar sallah mu 29 ga wata muke sawa. In an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, gobe sallah, nama na gida. In azumi ya cika talatin, mata sun samu yini guda na suya cikin natsuwa.

Wata magana a gefe, don kada a cakuɗa. Abin da nake bayani watandar cin nama ce. Layya hukuncinta daban. Hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya nuna a shekarar Hudaibiyya sahabbai sun yanka raƙumi a madadin mutum bakwai, saniya ma bakwai, kuma da shi mafi yawan malamai suka kafa hujjar tarayyar mutum bakwai a layya. Malaman Malikiyya kuwa ba su yarda a haɗa kuɗin dabbar layya ba, sai dai mutum ya saya da nasa ya shigar da iyalinsa cikin lada. Sannan a layya ba a sayar da fata, ba a biyan mahauci da naman. Duk wanda zai yi tarayyar layya ya je ga malaminsa tukuna. Dabarun kasawar dai iri ɗaya ne.

Lissafin kuɗi

Bari in kawo misali da adadi mai sauƙin lissafi, farashin gaske kasuwa ce za ta faɗa muku. A ce kaso 20 ne, kowane N45,000. An tara N900,000 ke nan. Kada ku shiga kasuwa da niyyar kashe duka a kan sa. Ku fara cire hidima: la'adar dillali N10,000, mota N15,000, mahauta N20,000, leda da ruwa da sauran tarkace N5,000. Hidima ta tashi N50,000, abin da za ku iya tayawa bai wuce N850,000 ba. Wannan adadin ya zauna a cikin ma'aji da abokin tafiyarsa, kada dillali ya ji shi.

A kasuwa

Mutum biyu ko uku sun isa, ɗaya daga ciki ya zama ya san shanu. In kun tafi ku goma, mai sa zai gane 'yan watanda ne masu gaggawa, kuɗi ya hau. Mu kasuwar dabbobi ta Tike muke zuwa a nan cikin gari, wasu shekarun kuma mu fita kasuwannin ƙauye ta wajen Kumo ko Dukku, inda akan samu sauƙi amma kuɗin mota ya ƙaru, sai a auna a gani.

Bijimi za ku nema, ku bar saniya, domin ba abin da ke kashe jiki irin a farke ciki a tarar da ɗan tayi. Yankinmu ƙasar garmar shanu ce, don haka za ku ga shanun huɗa da aka turke bayan kaka aka ciyar da harawa da dusa da angurya. Suna da nama, sai dai wanda ya tsufa a garma tsokarsa tauri gare ta. A buɗe baki a duba haƙoran gaba na ƙasa. Manyan haƙora biyu na farko sukan fito wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, takwas ɗin su cika wajen shekara biyar. Mai huɗu ko shida shi ne daidai: ya yi jiki, bai tsufa ba. Kada girman ciki ya ruɗe ku, ciki ruwa ne da ciyawa, kuma akwai masu ɗura wa dabba ruwan kanwa da safe don ta cika ido. Ku sa hannu a gindin bindi, da kan haƙarƙari, da ƙirji, da cinya, nan nama ke ɓuya ko ya tona asirin rashinsa. Farin Bunaji ne ko jan Rahaji mai dogon ƙaho ko Bokolo, duk wannan bai kai lafiya muhimmanci ba: hanci da danshi, ido garau, yana tuƙa, ba tari, ba zawo, ba ɗingishi. Ku tambaya ko an yi masa allura kwanan nan, domin magani kan ɗauki kwanaki kafin ya bar jikin dabba. Ku karɓi takardar ciniki a gaban shugabannin kasuwa, zamanin satar shanu ne.

Abin da za ku sa rai: sa mai kilo 300 a tsaye, in an cire fata, kai, ƙafafu, jini da kayan ciki, abin da zai rage nama da ƙashi wajen rabi ne, kilo 150 ko kusa da haka. Ku faɗa wa jama'a wannan tun da wuri, don kada wani ya raba 300 gida ashirin a ransa ya zo yana neman kilo goma sha biyar.

Daren yanka da safiyarsa

In sa ya iso, a ɗaure shi a inuwa, a ba shi ruwa sosai, a janye abinci tun yamma. Cikin da ba a cika ba ya fi sauƙin fitarwa ba tare da ya fashe a kan nama ba. A daren a tanadi tamfol babba mai tsabta, robobi manya aƙalla shida, sikeli, wuƙaƙe da aka wasa, gatari ko barandami da kututturen sara, jarkokin ruwa, leda mai kauri, takarda da biro, da rami da aka haƙa don jini da dattin tumbi.

A 'yan shekarun nan ƙaramar sallah cikin bazara take faɗowa, kuma wanda ya san ranar Gombe a watan Maris da Afrilu ya san ba ta wasa da ɗanyen nama. Ga mahauta da azumi a baki. Don haka ana idar da sallar asuba a kayar, a yanka, a bar jini ya tsiyaye sosai, a feɗe. Burinku kafin ƙarfe goma sha ɗaya kowa ya bar wurin. Wajen fitar da kayan ciki a kula da madaciya, in ta fashe a kan hanta ta ɓata ta da ɗaci. Tumbi da hanji a kai su nesa da tamfol a wanke, kada wanda ke wankinsu ya dawo ya taɓa tsoka sai ya wanke hannu da sabulu. A tsaga hanta da huhu a duba. In an ga tsutsotsi masu faɗi kamar ganye a hanyoyin hanta, ko ƙuraje masu tauri da farin abu kamar cuku a huhu da jikin haƙarƙari, a dakata a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi. Na biyun nan alamar tarin fuka ce, kuma yana kama mutum. Wanda ya kai dabbarsa kwata ya huta da wannan, akwai masu dubawa a can.

Warewa: nan rabo yake farawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sassare sa gaba ɗaya a tara wuri guda, sannan a fara kasawa. Kilo bakwai na wani tsoka ce, kilo bakwai na wani ƙashi, sikeli kuma zai rantse cewa daidai suke. Saboda haka kafin a auna komai, a ware nama gida-gida, kowane gida da robarsa.

Roba ta farko tsoka zalla: ta cinya, ta karfata, da ta gefen gadon baya, a zare ta daga ƙashi. Ta biyu haƙarƙari da ƙirji, naman da ƙashi da tsoka da kitse suka cakuɗa. Ta uku ƙashi mai ɓargo, wuya, gadon baya da ƙwauri. Ta huɗu kitse. Tozo a ajiye shi shi kaɗai a faranti, a gaban dattijon shaida, domin ba abin da ido ke bi kamarsa. Kayan ciki su ma gida biyu ne: ja, wato hanta, zuciya, ƙoda, huhu da saifa, da fari, wato tumbi da hanji.

Ko a cikin tsoka akwai bambanci. Naman da ke kwance a cikin gadon baya ta ciki, da na bayan gadon, sun fi na karfata laushi nesa ba kusa ba. Mu mukan ware su a ƙaramar roba, kowa ya samu yanka ɗaya ko biyu, maimakon su tafi gida uku kawai.

Sai girman yanka. Ku roƙi mahauta su yanka ƙanana, kamar dunƙulen hannun yaro, kuma su yi kusan kai ɗaya. Mahauci ya fi son manyan yanka don ya gama da wuri ya tafi wani aikin, ranar kasuwarsa ce, ba laifinsa ba ne. Wani dattijon mahauci da ya daɗe yana mana aiki yakan ce mini, "Malam, haka za ka tsayar da ni har azahar?" Ni kuma in ce, "Baba, a yi haƙuri, na ƙara maka ladan tsayuwa." Gara a ƙara masa dubu biyu da a bar ƙaton ƙashin cinya guda ya faɗa tsibin mutum ɗaya. Ƙashin ɓargo a datsa shi gajere-gajere yadda zai zagaya kowa.

Awo

Sikeli ɗaya tak za a yi amfani da shi daga farko har ƙarshe, da roba ɗaya ta awo. Ko sikelin yana da ɗan ragi, in dai shi ya auna wa kowa, ragin ya hau kan kowa daidai. Duk da haka a gwada shi a gaban jama'a: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ledar fiya wata biyu mai rabin lita ya kamata su nuna kilo ɗaya ko dab da shi. A ɗora robar awo babu komai a mayar da allura kan sifili. In na batir ne, a ajiye shi a kan katako ko siminti mai shafe, ba kan yashi ba.

A shimfiɗa leda ashirin a kan tamfol, layi huɗu, biyar-biyar, da tazarar da mutum zai iya ratsawa. Kowace a sa mata lamba a takarda, 1 zuwa 20. Lamba kawai, ba suna.

Yanzu a auna kowace roba gaba ɗayanta, mai littafi ya rubuta, ya faɗa da ƙarfi. A misalinmu, a ce tsoka ta ba da kilo 83, haƙarƙari da ƙirji 31, ƙashi 29, kitse da tozo 7. Tsoka 83 gida 20 ta kama kilo 4 da giram 150. To, kada a auna wa kowa 4 da 150. A auna 4 cif. Dalili: nama na tsiyayar da ruwa da jini yana zaune, allura kuma takan ɗan rinjaya a kowane awo, giram ashirin nan, talatin can, in ka kai tsibi na goma sha tara sai ka tarar roba ta ƙare. Daga nan sai a koma ana tsintar nama daga tsibin da aka riga aka kasa, wurin ya rikice. A fara da ƙasa da lissafi, a zagaye duka, abin da ya saura a sake auna shi a yi zagaye na biyu da giram ɗari-ɗari. Ɗan abin da ya rage bayan wannan, wanda bai isa zagaye ba, a ajiye shi gefe, yana da aiki nan gaba.

Haka za a yi wa haƙarƙari, kilo ɗaya da rabi kowa. Ƙashi kilo ɗaya da giram 400, amma a nan sikeli kaɗai bai wadatar ba: mai zubawa ya tabbata kowane awo ya samu guntun ɓargo, guntun wuya da guntun gadon baya. Sai kitse. A gama roba ɗaya kaf kafin a buɗe ta gaba.

Akwai wata dabara da ba a cika lura da ita ba. Hannun mutum, ko bai yi niyya ba, manyan yanka masu kyau yake fara ɗauka, tarkace su taru a gindin roba. In kullum daga lamba 1 ake farawa, lamba 20 ce za ta riƙa kwasar gindin roba a kowane zagaye. Don haka a juya nama da hannu kafin a fara, kuma in an tafi daga 1 zuwa 20 a wannan roba, a ta gaba a dawo daga 20 zuwa 1, ta uku a fara daga tsakiya.

In babu sikeli

Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne raba abu biyu. Ka ce wa mutum ya kasa tsibi gida bakwai, zai yi ta kai da komo. Ka ce ya raba biyu, da wuya ya kauce sosai. Shi ya sa na ce takwas ko goma sha shida: a raba biyu, kowane rabi a raba biyu, a sake, har a kai adadi. Ana iya taimaka wa ido da sanda madaidaiciya da aka ɗaure da igiya a tsakiya, a rataya bokiti biyu iri ɗaya a bakunanta, a tabbata ta daidaita babu komai a ciki, sannan a zuba.

In adadin bai faɗa kan wannan ba, akwai hanya. Kaso ashirin: a raba biyu sau biyu a samu huɗu, kowane ɗaya a kasa shi biyar da zagaye, yanka ɗaya-ɗaya, a je a dawo. Kaso bakwai: a kasa takwas ta hanyar rabi-rabi, sannan a ɗauki tsibi na takwas a watsa shi a kan bakwai ɗin. Ko an yi kuskure a wannan watsawar, kuskure ne a cikin ɗan ƙaramin abu. Da haka ake yanka tozo da hanta ma: a tsaga biyu, a sake tsagawa, sannan a yayyanka.

Abin da ba ya rabuwa

Sa ɗaya zuciya ɗaya gare shi, ƙoda biyu, harshe ɗaya, ku kuma ku ashirin. Hanta ta isa kowa ya samu yanka mai kyau, ita a raba ta ita kaɗai da ƙirge. Zuciya, ƙoda da saifa a yi musu ƙananan yanka a gauraya, a raba da kofi ko da awo. Huhu shi kaɗai, kada a bari ya zama abin cike giɓin wani tsibi, ba shi da nauyi a tukunya. Tumbi a yanka shi yadda kowa zai samu mai kauri da mai saƙar zuma, hanji a auna da kamu.

Kai, ƙafafu huɗu, bindi, harshe da fata, mu gwanjo muke yi a tsakaninmu. Dattijo ya ɗaga, a taya, wanda ya fi ya biya nan take, kuɗin ya shiga asusu. Mai son ganda ko farfesun kai ya samu abin da yake so da kuɗinsa, wanda bai samu ba ya samu rabonsa a aljihu. Sharaɗi ɗaya: ma'aji da mai littafi in za su taya, su bari sai wasu sun fara, kuma ba bashi.

Dubawa, sannan ƙuri'a

An gama zubawa, tsibi ashirin na kwance. Kafin a taɓa ko ɗaya, dattijo ya ce, "Jama'a, ku zagaya ku duba. Wanda ya ga tsibin da ba zai so ya faɗo masa ba, ya nuna." Wannan tambayar ita ce zuciyar aikin. Tunda ba wanda ya san nasa, kowa zai duba da gaskiya, domin ramammen tsibin nan yana iya zama nasa. In an nuna, a gyara da ɗan ragowar da aka ajiye gefe. A ci gaba har a rasa mai nunawa. In wani abu ya saura bayan haka, a ba almajirai da yaran da suka ɗebo ruwa, da yardar kowa.

Sannan ƙuri'a. Malamai sun san ta a babin rabon dukiyar tarayya, kuma iyayenmu da ita suka saba. Hanya uku na gani. Ta farko, a rubuta lambobi a ƙananan takardu iri ɗaya, a nannaɗe, a zuba a hula, kowa ya zara. Ta biyu, mutum ɗaya ya juya baya da littafin sunaye a hannu, wani ya ɗora sanda a kan tsibi ba bisa jeri ba ya ce, "Wannan na wa?", mai littafi ya kira suna. Ta uku ita ce ta dā, kuma ita na fi so: kowa ya kawo 'yar alama, wani tsinke, wani murfin kwalba, wani makulli, a tara a ƙwarya, a kira yaron da bai ga lokacin da aka tara ba, ya bi tsibi yana ajiye ɗaya-ɗaya. Inda alamarka ta sauka nan rabonka yake. Ko wace aka zaɓa, wanda ya yi kasawa da hannunsa ba ya zara, abin da ya rage shi ne nasa. Waɗanda ba su zo ba, musamman mata da tsofaffi da marasa lafiya, su ake fara zarar wa. In ƙuri'a ta fita ta fita. Mutum biyu na iya musanya a tsakaninsu in sun ga dama, amma ba a sakewa, ko da wani babba ne ya ɓata fuska.

Masu rabin kaso su ja gefe da tsibinsu. Ɗaya ya raba biyu, iri-iri kamar yadda aka yi a babba, ɗayan ya zaɓa. Mai rabawa ya san abin da aka bari shi zai ɗauka, don haka ba sai an tsaya a kansa ba. Na ga wani Hamma da ƙaninsa sun yi minti goma a kan yankan hanta ɗaya, ƙanin na cewa, "Hamma, ka ɗauka kawai," shi kuma yana cewa sai dai a bi ƙa'ida, kai ka zaɓa.

Ragowar kuɗi da kai saƙo

Kafin a watse, ma'aji ya karanta lissafi a tsaye. A misalinmu, in an sayi sa N830,000, an yi rarar N20,000. In gwanjo ya kawo N60,000, jimla N80,000, kowane kaso N4,000, mai rabi N2,000. A tanadi canji tun jiya don a biya a wurin, ko a tura wa mutum ta waya yana tsaye ya ga shigarsa. In jama'a sun so a bar shi ya zama tushen watandar baɗi, a rubuta, dattijo ya sa hannu. Mai littafi ya rubuta nauyin kowace roba da abin da kowane kaso ya samu, baɗi da shi za ku san ko dillali ya yi muku zaɓi mai kyau.

Kayan ciki a ƙulla su a leda daban, kada su kwana a jikin tsoka. Kada a ɗaure bakin leda tamau a kan nama mai ɗumi a bar shi a but ɗin mota ko kan babur a rana, kafin la'asar sai ya canza wari. Kason waɗanda ba su zo ba shi ke fara barin wurin, a hannun babba, ba yaro ba, da takardar lambarsa da canjinsa a ciki. Ɗan saƙon ya faɗa wa matar gida ta juye a faranti mai faɗi ya sha iska, in babu wutar lantarki a unguwa ta tafasa shi da gishiri tun kafin azahar. Masu saura su rufe ramin jini da ƙasa, su wanke tamfol da omo su shanya, a goge sikeli a mayar wa mai shi da ɗan abin godiya daga kuɗin hidima.